Makonnin Farko: Abin da Bincike Ya Gano Kan Taɓin Hankalin Matasa, da Aikin da Ke Jiranmu a Zamfara

Lacca ga taron ma'aikatan lafiya, malamai, iyaye da ɗalibai a Gusau

 

Iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu na zaure da na Islamiyya, iyayenmu mata, 'yan uwana ma'aikatan lafiya da kuka taso daga Tsafe da Bungudu da nan cikin Gusau, ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, na kuma san wasunku sai da suka yi ta maza kafin su kamo hanya. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Duk wanda ya kawo mini matashin da hankalinsa ya taɓu, tambaya ɗaya nake fara yi masa: tun yaushe? Wata rana wata dattijuwa da ƙanen mijinta suka shigo da wani saurayi da bai wuce shekara 23 ba. Ya zauna ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi kamar mai amsa wa wani magana. Da na ɗaga ƙafar wandonsa sai na ga tabo baƙi ya zagaye idon sawunsa duka biyu, shaidar mari. Na yi tambayata. Baffan ya ce kamar wata uku ke nan. Uwar ta girgiza kai ta ce, "Likita, wata uku da ya fara duka ne. Amma ni damina huɗu ke nan da na san ɗana ya canza." Ta lissafa mini tiryan-tiryan: shekarar da aka aurar da ƙanwarsa ya daina cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwansa, ya toshe tagar ɗakinsa da tsumma, ya ce rediyon maƙwabci da shi yake zance. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an je wajen mai ruƙiya, an je wajen boka, an sayar da shanun huɗa biyu. Asibiti shi ne zangon ƙarshe.

Wannan uwa ta ga ciwon tun a makonninsa na farko. Idonta bai yi kuskure ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai gaya mata sunan abin da ta gani da inda za ta kai shi. Damina huɗun nan da suka salwanta tsakanin ganinta da zuwansa asibiti su ne batun laccata ta yau.

Wane ciwo muke nufi?

Bahaushe yakan haɗa abubuwa da yawa a cikin kalmar hauka. Likitoci kuwa suna rarrabewa. Abin da muke magana a kai shi ne yanayin da suke kira saikosis, wato mutum ya rabu da zahiri: ya ji muryoyin da babu mai yin su, ya ga abin da ba kowa ke gani ba, ya ƙudurce wani abu a ransa da babu hujjar da za ta raba shi da shi, kamar cewa ana sa masa guba a abinci ko ana bibiyarsa ta waya, ko kuma maganarsa ta warwatse ta rasa kai da gindi. Akwai kuma ɓangaren da ba ya hayaniya, wanda shi ya fi wahalar ganewa: yaro ya janye daga mutane, ya bar wanka, ya bar majalisa, fuskarsa ta daina nuna murna ko baƙin ciki. Nau'in da ya fi daɗewa a jiki shi ake kira sikizofiriniya, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 24 ke fama da shi, wato mutum 1 cikin 300.

Ciwon yakan bayyana ne tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara talatin, maza su ɗan riga mata. Ku dubi wannan shekaru da kyau. Lokacin da yaro ke rubuta jarrabawar gama sakandare ke nan, ko ya shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko ya kama koyon ɗinki, ko ya karɓi gonar kansa, ko a sa masa ranar aure. Ciwon yana faɗowa daidai lokacin da ake aza harsashin rayuwa.

Sababinsa ba guda ɗaya ba ne. Akwai gado, sai dai gadon ba hukunci ba ne, domin a cikin 'ya'ya goma na wanda ke da ciwon, kusan tara ba sa kamuwa. Akwai wahalar haihuwa da ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, akwai tashin hankali da firgici tun ana ƙarami, akwai shaye-shaye. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa birane da dama na Turai da wani yanki na Barazil, ya nuna cewa masu shan tabar wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa, in kuma mai ƙarfin ce, kusan sau biyar. Binciken shaye-shaye da aka yi a Najeriya a 2018 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar nan da miliyan 10.6. Duk da haka ina roƙonku kada ku ɗauka duk matashin da ya taɓu ɗan shaye-shaye ne. Na ga mahaddata Alƙur'ani da ko sigari ba su taɓa riƙewa ba sun kamu.

Ku kuma sani cewa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da taifot, da sanƙarau, da farfaɗiya, duk suna iya sa mutum sambatu da ruɗewa. Haka mai jego, mace 1 ko 2 cikin 1,000 hankalinta kan juye a makonnin farko bayan haihuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za a fara kai mutum inda za a auna zafin jikinsa a duba jininsa.

Yadda likitoci ke gane abin da ke aiki

Manomin Bungudu da aka kawo wa sabon iri ba ya yarda da bakin dillali. Yakan raba gona biyu, ya shuka sabon a gefe, tsohon a gefe, taki ɗaya, noma ɗaya, sannan ya jira kaka ya ƙirga dammuna. In yana da wayo ba zai ba sabon irin gefen da ya fi dausayi ba, don kada ya yaudari kansa. Binciken asibiti haka yake. Ana samun marasa lafiya da suka amince, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a don kada son ran likita ya shiga, a yi wa kashi ɗaya sabuwar hanya, ɗayan a yi masa wadda aka saba, sannan wanda bai san kashin da kowa yake ba ya zo ya auna sakamako. Da yawa daga abin da zan faɗa muku yanzu ta irin wannan hanya aka same shi.

Abin da aka gano

A 1992 wani likita mai suna Patrick McGorry ya buɗe wata cibiya a birnin Melbon na Ostireliya domin matasan da ciwon ya kama karon farko kawai. Tunaninsa shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu bincike kuma suka mai da hankali wajen auna wani abu da a da ba a cika damuwa da shi ba: yawan makonnin da ke tsakanin bayyanar ciwo da fara magani. Daga ƙasa zuwa ƙasa amsar ta riƙa fitowa iri ɗaya. Waɗanda suka daɗe babu magani sun fi jinkirin samun sauƙi, sun fi wahalar komawa aiki da karatu.

Sai aka tambaya, shin ana iya gajarta wannan jira? A yankin Rogaland na ƙasar Norwe, daga 1997 zuwa 2000, aka yi gangamin wayar da kai a jaridu da rediyo da makarantu, aka kafa ƙananan tawagogin ma'aikata da kowa zai iya kira su zo su duba matashi cikin kwana ɗaya. Aka kwatanta da wasu yankuna biyu da ke da asibitoci iri ɗaya amma ba a yi gangamin ba. A inda aka yi, matsakaicin jira ya kasance mako 5, a ɗaya ɓangaren mako 16. Bayan shekara goma aka koma aka duba mutanen. Waɗanda suka warke har suka koma cikakkiyar rayuwa a yankin gangamin sun kai kusan kashi 31 cikin 100, a ɗaya ɓangaren kusan kashi 15. Magungunan duka ɗaya ne. Bambancin yana ga saurin isowa.

A Denmak, binciken da ake kira OPUS ya raba matasa 547 ta ƙuri'a tsakanin 1998 da 2000. Kashi ɗaya aka ba su tawagar da ke bin su har gida, tana zama da iyalansu, tana koya musu zaman jama'a. Bayan shekara biyu alamun ciwonsu sun fi raguwa, shaye-shaye ya ragu, iyalai sun fi samun natsuwa. Gaskiyar da ya wajaba in ƙara ita ce, da aka mai da su asibitin gama-gari aka duba a shekara ta biyar, mafi yawan wannan fifiko ya dusashe. Darasin shi ne kulawar ba ta kwana biyu ba ce, in an saki hannu da wuri ana komawa gidan jiya.

A Amurka kuma, binciken RAISE da aka buga a 2016 ya haɗa mutum 404 a asibitocin unguwa 34 cikin jihohi 21. Aka haɗa wa kashi ɗaya abubuwa huɗu: magani daidai gwargwado, ilimantar da iyali, zaman tattaunawa da mai ba da shawara, da taimakon komawa makaranta ko sana'a. Sun fi daɗewa cikin kulawa, rayuwarsu ta fi inganta, kuma waɗanda suka zo da wuri su suka fi cin moriyar shirin nesa ba kusa ba. Wani adadi a cikin wannan bincike ya tsaya mini a rai: rabin mutanen sun wuce mako 74 da ciwo kafin su fara magani, kusan shekara ɗaya da rabi, a ƙasa mai arzikin Amurka. Alhali matsayar da masana suka fitar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005 ita ce kada jiran ya wuce wata uku. Ingila ma tun 2016 ta sa wa asibitocinta ƙa'idar fara kula da irin waɗannan matasa cikin mako biyu da turo su.

Batun magani

A 1952 likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna cewa maganin kulofuromazin, wanda ma'aikatanmu suka fi sani da Largactil, yana kwantar da muryoyi da ruɗani. Bayansa aka samu halofaridol, daga baya risfaridon da olanzafin, kuma duk ana samunsu a ƙasar nan. Abu uku bincike ya koya mana game da su.

Na farko, wanda ciwon ya kama karon farko ɗan kaɗan yake buƙata, kuma jikinsa ya fi saurin jin illa. In aka ɗura masa da yawa sai jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya dalala, wani wuyansa ya murɗe. Iyaye su ga haka su ce maganin asibiti ya mai da yaro gunki, su watsar. Wannan laifinmu ne mu ma'aikata, gyaransa kuma rage awo ne ko sauya magani. Ƙwayar da ake bayarwa don sassauta sandarewar ita ce matasa ke sha don maye da sunan Exol, saboda haka a hannun uwa ko uba ya kamata ta zauna.

Na biyu, samun sauƙi ba shi ne lokacin dainawa ba. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 65, aka buga a 2012, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da magani, ya dawo wa kashi 64 na waɗanda aka cire wa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba aƙalla wata 7 zuwa 12 bayan alamu sun ɓace, ragewa kuma sai da likita. Wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, ko ƙauyensu ke da nisa, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu.

Na uku, gida ma magani ne. Tun shekarun 1970 binciken da aka yi a Landan ya nuna cewa ciwon ya fi dawowa a gidan da ake yawan faɗa da gori da tsangwama, kuma zama da iyali a koya musu yadda za su bi da mara lafiya yana rage dawowar. A nan zan roƙi iyayena alfarma kan maganar nan ta "a yi masa aure zai natsu." Aure ba ya kashe muryoyi. Nauyinsa kan tayar da ciwon da ya kwanta, a cuci yarinyar da ba a gaya wa gaskiya ba. A fara neman lafiya, in ta samu a yi auren a kan sani.

Abin da aka gano a gida

Kada wani ya ce duk wannan zancen Turai ne. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya sama musu masauki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da yamma, ya kuma jawo masu maganin gargajiya a jiki. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, shi kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Binciken da ya fi kama da halinmu shi ne wanda Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Gana, mai suna COSIMPO, aka buga shi a mujallar Lancet a 2020. Sun lura cewa mafi yawan masu wannan ciwo suna hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a, sai suka ce bari a same su a can. Aka horar da masu maganin da ma'aikatan ƙananan asibitoci tare. Ma'aikacin lafiya ya riƙa ziyartar mara lafiya a gidan mai magani, ya ba da ƙwaya ko allura, su yi shawara tare, mai addu'a kuma ya ci gaba da addu'arsa. Mutum 307 suka shiga, aka raba wuraren ta ƙuri'a. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi ƙwarai, sun fi komawa harkokinsu. Ɗauri da duka da makamantansu kuwa sun ragu sosai a ɓangarorin biyu, abin da ke nuna cewa sa ido da ziyara kaɗai suna kwance mari.

Malamaina, Allah ya gafarta muku, wannan sakamako naku ne. Ku ake fara kawo wa yaran nan, sau da yawa tun a makon farko, mu kuwa sai bayan shekaru muke ganinsu. Ban zo in ce a bar addu'a ba, ni ma da ita nake buɗe aikina kullum. Ku kuka karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma wanda hankalinsa ya gushe shari'a ta ɗauke masa nauyi. Wanda Allah ya ɗauke wa hisabi, da wane dalili za mu sa masa bulala? A tarihinmu ma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, da wanda ya biyo baya a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba ƙin su suke yi ba, rasa madafa suka yi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tabbatar wa mara lafiya haƙƙin mutunci da kariya daga azabtarwa. Sauran aiki shi ne samar wa iyaye wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa.

Halinmu a Zamfara

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Daga Gusau zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato tafiya ce ta sama da kilomita 200. Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano su ma ba kusa ba ne. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a nan Gusau, amma ƙananan hukumominmu 14 ne. Ga rashin tsaro: wanda aka kora daga ƙauyensa cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar katin asibiti, kuma kun tuna watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, mai karɓar magani duk wata ya rasa yadda zai yi.

Saboda haka ba za mu iya kwafo tsarin Denmak ba. Abin da ke hannunmu shi ne ma'aikacin lafiya na matakin farko, irin waɗanda Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe ke yayewa duk shekara. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoran mhGAP domin koya wa irin waɗannan ma'aikata gane ciwon da fara maganinsa a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma an gwada shi a Najeriya.

Muna kuma buƙatar binciken kanmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mako nawa matashin Tsafe ke yi kafin ya isa asibiti? Hannu nawa yake bi? Nawa iyali ke kashewa a hanya? Haɗin gwiwar da ya yi aiki da masu magani a Ibadan, wace siffa zai ɗauka da malamin zaure a Kwatarkwashi? Allurar wata-wata za ta fi riƙe ɗan gudun hijira a kan magani? Ƙaramin littafin rajista a kowane asibiti, da layi ɗaya na "tun yaushe," ya isa a fara.

Na san kalmar gwaji tana sa gaban mutanenmu faɗuwa, kuma da dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003. Amma mu a Zamfara mun ga ɗaya fuskar. Da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa dubban yara magani, suna rubuta awon jinin kowane yaro, kuma abin da suka tattara ya zama ilimin da duniya ke amfani da shi. Bambancin bincike mai albarka da mai cutarwa amana ce. Duk wanda ya zo da bincike, ku tambaye shi takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ya yi bayani da Hausa. Ya nemi yardar mara lafiyar kansa gwargwadon fahimtarsa, tare da waliyyinsa, ya sake nema in hankalinsa ya dawo. Wanda ya ƙi shiga, ko ya fita a tsakiya, kada a rage masa komai na kulawa. In an gama a dawo a gaya wa gari abin da aka samu.

Rabon aiki

Iyaye mata, ku ne masu gani na farko. In yaro ko yarinya ya janye, barci ya ƙaurace masa, ya fara zargin abinci ko magana shi kaɗai, har aka yi mako biyu, ku kai shi asibiti mafi kusa. In ya ambaci kashe kansa, ko ya daina ci da sha, a ranar za a tafi, domin haɗarin hakan ya fi yawa a shekarun farko na ciwon. Malamai, ku yi tofi ku haɗa da cewa a wuce asibiti yau, kuma kowannenku ya riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya ɗaya. Malaman makaranta, ɗalibi mai ƙoƙari da ya zube a zango ɗaya ku kira shi gefe kafin ku kore shi, in ya warke ku buɗe masa ƙofar dawowa. 'Yan uwana ma'aikata, mu fara da ƙaramin awo, mu saurari ƙorafin illa, mu daina yi wa iyaye faɗa don sun fara zuwa wajen malam. Iyayenmu sarakuna, kalmarku ɗaya ta isa ta hana yara jifan mara lafiya a kasuwa. Hukuma kuma ta sa waɗannan magunguna, waɗanda tsofaffinsu ba su da tsada, a ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira.

Zan rufe da wata yarinya 'yar shekara 19, ɗaliba. Ƙawarta ta ɗaki ce ta lura ta kwana uku ba ta runtsa ba, tana cewa ana kiran sunanta ta cikin bango. Ta kira yayarta. Mahaifinsu ya fara kai ta wajen limamin unguwarsu. Liman ya yi mata addu'a, sannan ya ce wa uban, "Alhaji, wannan a haɗa da asibiti, kada a kwana." Mako uku da fara ciwon tana gabana. Ƙwaya ɗaya ƙarama da dare, zama da iyayenta sau da yawa, wasiƙa zuwa makaranta. Zango ɗaya ta rasa. Ranar da ta zo da takardar sakamakonta, a naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa, mahaifiyarta ta kasa magana sai hawaye.

Saurayin nan mai tabon mari shi ma ya samu sauƙi. Muryoyin sun yi ƙasa, yana zuwa masallaci, yana taya baffansa aiki a gona, kuma ban taɓa fid da rai da irinsa ba. Amma karatunsa ya tafi, yarinyar da aka yi masa alkawari ta yi aure, shanun ba su dawo ba. Ciwonsu ɗaya da ɗalibar nan, maganinsu ɗaya, iyayensu duka masu ƙaunarsu ne. Ita ta samu wanda ya ce kada a kwana. Ina roƙon kowa a zauren nan, in Allah ya kawo irin wannan ƙofarsa, ya zama mai faɗin wannan kalma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.